Kwana Biyu A Bakin Tafkin Shiroro, Inda Wutarmu Da Kifinmu Suke Fitowa

 Wannan makon ba a bayan kantar magani za ku same ni ba. Tafiya za mu yi tare zuwa wani wuri da yawancinmu muke ci daga gare shi kullum, amma ba mu taɓa taka ƙafarmu can ba.

Bari in fara da abin da ya tayar da ni. Akwai wata baiwar Allah mai sayar da kifin banda a kasuwar IBB da ke nan Suleja, na kai shekara huɗu ina sayen kifi a hannunta. Wata rana da yamma ta shigo shagon maganin da nake aiki, tana riƙe da hannun ɗan ƙanenta, yaro ɗan shekara 11 da aka kawo mata daga ƙauye don ya yi karatu. Ta ce, "Anti, a ba mu kafso ja da rawaya. Fitsarin jini yake yi, amma ba wani abu ba ne, duk yaran garinsu haka suke."

Ban ba su kafson ba. Na tura su aka gwada fitsarin yaron, aka ga ƙwayayen tsargiya. Aka auna nauyinsa, ya sha maganin da ya dace sau ɗaya, bayan 'yan makonni fitsari ya koma fari. Amma maganarta ta ƙi barina: duk yaran garinsu haka suke. Da ta ga na dame ta da tambaya, sai ta ce, "Anti, gani ya kori ji. In za ni saro kaya ki shirya mu je." Haka kuwa aka yi, cikin hunturun da ya wuce.

Hanyar zuwa

Mun bar Suleja bayan sallar asuba, dutsen Zuma yana bayanmu a lulluɓe cikin hazo. Muka bi ta Dikko, muka wuce Lambata da mararrabar da ke kai mutum ga ruwan Gurara, muka ratsa Paiko, muka shiga Minna bayan tafiyar kusan kilomita 100. Daga Minna muka sake mota, muka nufi Gwada a ƙaramar hukumar Shiroro, wadda hedikwatarta ke Kuta.

Daga nan ƙasa take fara tashi. Duwatsu su tare gabanka, hanya ta kewaye su, wasu su sake fitowa. Hagu da dama kunyoyin doya ne iya ganinka, don wannan ƙasar Gbagyi ce, waɗanda muke kira Gwarawa, kuma kowa ya san su da noman doya. Za ku ga matansu ɗauke da kaya a kafaɗa, ba a ka ba, kamar yadda suka gada. Muna gangarowa wajen Zumba sai ga ruwa ya bayyana tsakanin tsaunuka, shuɗi-shuɗi, ba ka ganin ƙarshensa saboda hazo. Na saba ganin kogin Iku namu na Suleja, don haka sai da na ce direba ya ɗan rage gudu in ƙare wa wannan kallo.

Wannan tafki ba haka Allah ya halicci wurin ba tun asali. Kogin Kaduna ne yake ratsawa ta wani matsatsi tsakanin duwatsu, aka datse shi, aka gina madatsar Shiroro wadda ta fara ba da wutar lantarki a 1990. Injuna huɗu ne a cikinta, ƙarfinsu gaba ɗaya megawat 600. Ruwan da ya taru a bayan madatsar ya mamaye fili fiye da murabba'in kilomita 300, ya haɗiye gonaki da tsofaffin ƙauyuka, aka tashi mutane suka koma kan tudu. Har yau akwai kututturan itatuwan da ruwa ya ci suna tsaye a ƙarƙashinsa, wasu kawunansu a waje, wasu a ɓoye. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mutanen bakin ruwa

Daga kwatar Zumba muka shiga jirgi mai inji, muka yi tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba zuwa ƙauyen su abokiyar tafiyata. Gidaje ne na laka da jinka, da 'yan tsiraru masu rufin kwano, a jere a gefen dutse suna kallon ruwa. Abin da ya fara tarbarmu hayaƙi ne da ƙamshin banda.

Mutanen da na tarar iri uku ne, kuma kowa ya san matsayinsa. Gwarawa su ne masu ƙasa, su ke noma, wasunsu sun koyi su daga baya. Sai Hausawa masunta, Sarkawa, waɗanda iyayensu suka biyo ruwa daga wajen Yawuri da Argungu da labarin sabon tafki ya kai musu. Sai Nufawa, waɗanda su ma ruwa gadonsu ne. Masunci ya ba da kifi, manomi ya ba da doya da dawa. Hausa ce harshen ciniki, amma na ji yaran Sarkawa suna zagin juna da Gwaranci tsantsa.

Aikin su yana farawa ne da la'asar. Maza su shiga kwale-kwale bibbiyu, ɗaya yana tuƙi da filafili, ɗaya yana zuba kalli ko ya shimfiɗa mamari, wato doguwar igiya mai ƙugiyoyi masu yawa. Wasu su kafa gura a gefen ciyawa, wasu su jefa birgi. Kafin hudowar rana an koma an janyo. Na tashi cikin sanyin nan mai ratsa ƙashi na je bakin kwata na ga dawowarsu: karfasa ce ta fi yawa, sai tarwaɗa, da kurungu, da ragon ruwa, da tsage mai haƙora kamar zarto. Mutum ɗaya ya kamo giwan ruwa, yara suka yi ta binsa da ihu har gida.

Daga nan aiki ya koma hannun mata. Su fafe ciki, su wanke, su lanƙwasa tarwaɗa su soke wutsiyarta, su jera a kan raga bisa murhun laka, su yi ta juyawa a cikin hayaƙi wuni guda ko fiye. Wata dattijuwa da na zauna kusa da ita idanunta jajur suna ta hawaye, ga tarin da ba ya yankewa. Na ce, "Inna, tun yaushe kike wannan tarin?" Ta yi dariya ta ce, "'Yar nan, tun kafin a haife ki. Mai banda da tari ai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai." Jikarta tana goye a bayanta, tana shaƙar abin da take shaƙa.

Cinikin kuma a kan amana yake tafiya. 'Yar kasuwa irin abokiyata ita ke ba masunci kuɗin sabuwar raga ko na man inji tun kafin a kama komai, shi kuma ba ya sayar wa kowa sai ita. Ba takarda, ba sa hannu. Kwalin kifin da ke isowa Suleja da Madalla da Abuja, bashi ne da alƙawari suka ɗauko shi.

Na kai gaisuwa wurin Sarkin Ruwan ƙauyen, dattijo mai farin gemu, na same shi yana ɗinkin raga. Na ce, "Ranka ya daɗe, yaya ruwa?" Ya ce, "Likita, ruwa yana nan, kifi ne yake ƙanƙancewa." Na ce masa ni mai haɗa magunguna ce, ba likita ba, ya ce a wurinsu duk wanda ya san magani likita ne. Ya ce abu biyu yake yaƙi da su. Na farko masu zuba Gamalin a ruwa don kifi ya taso, wanda ya ce duk wanda aka kama sai ya bar musu gari. Na biyu masu jan taru da gidan sauro. Wannan ya taɓa ni ta fuska biyu. Gidan sauron da aka raba don kare yaro daga zazzaɓin cizon sauro ya bar kan gado, ga shi kuma idanunsa ƙanana ne, yana kwashe 'ya'yan kifin da ya kamata su girma baɗi, sannan maganin da aka jiƙa shi da shi guba ne ga kifi.

Ciwon da aka mayar ba komai ba

Da rana ta ɗaga, sanyi ya sauka, sai bakin ruwa ya cika. Mata na wanki da wanke-wanke, 'yanmata na ɗiban ruwa, yara maza tsirara suna tsalle daga kan dutse suna faɗawa. A gefen da ruwa yake kwance, cikin ciyayi, na tsugunna na ga abin da na zo nema: 'yan ƙananan dodon koɗi, wasu ba su fi ƙwayar wake ba, manne a jikin ganye.

Ga yadda abin yake, masu karatu. Mai tsargiya idan ya yi fitsari a ruwa ko kusa da shi, ƙwayayen tsutsar suna fita tare da fitsarin. Su ƙyanƙyashe, su shiga jikin wannan dodon koɗin, su hayayyafa, su fito dubbai suna yawo a ruwa, ido ba ya ganinsu. Duk wanda ya shiga ruwan sai su huda fatarsa su shige, ba sai ya sha ba. Su girma a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, su yi ta zuba ƙwai. Ƙwan nan ne ke yi wa mafitsara rauni, shi ya sa ake ganin jini, musamman a ƙarshen fitsari. Wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz ne ya gano tsutsar a birnin Alƙahira a 1851.

Dodon koɗin nan ruwa mai kwanciya yake so, shi ya sa duk inda aka datse kogi sai a yi hattara. An ga haka a Ghana bayan an gina madatsar Akosombo a 1965, tsargiya ta yawaita ƙwarai a ƙauyukan bakin tafkin Bolta. An sake gani a Senegal bayan madatsar Diama ta 1986. Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan masu wannan ciwo a duniya.

Da na zauna da iyaye mata a tsakar gida na tambaye su, sai wata ta ce, "Ai alamar girma ce, namiji in bai yi ba bai balaga ba." Sauran suka gyaɗa kai. Ban yi musu dariya ba, don na san akwai masu digiri a birni da suka taso da wannan zancen. Abin da kowa ke yi, shi ido ke ɗauka daidai. Na ce musu ba balaga ba ce, jini ne yaro yake zubarwa kullum kaɗan-kaɗan. Shi ke kawo ƙarancin jini, da kasala, da rashin girma, da kasa riƙe karatu. In aka bar shi shekaru, yana iya toshe hanyar fitsari ya lalata ƙoda, yana kuma iya kai wa ga sankarar mafitsara.

Sai na juya kan su matan, don nasu ya fi ɓoyuwa. Ƙwan tsutsar yana maƙalewa a al'aura da bakin mahaifa, ya kawo ƙaiƙayi, da fitar ruwa, da ciwon mara, da zafi ko jini bayan saduwa, wani lokaci har da wahalar samun ciki. Nan tsakar gidan ta yi tsit. Daga baya uku suka same ni ɗaya bayan ɗaya a ɗaki. Kowace ta yi shekaru tana shan "maganin sanyi" daga masu tallar magani a tire ranar kasuwa, wata ma har ta fara zargin mijinta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganin wannan ciwo ba mai wuya ba ne. Sunansa firazikwantel. Ana ba da miligiram 40 a kan kowane kilo ɗaya na nauyin jiki, a sha a rana ɗaya. Ƙwaya ɗaya miligiram 600 ce, ke nan yaro mai kilo 30 ƙwaya biyu zai sha. Kamfanin Merck na Jamus yana ba da shi kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya, har ƙwaya miliyan 250 a shekara, don a raba wa yara 'yan makaranta. Sai dai maganin yana kashe tsutsar da ke jiki ne kawai, ba ya hana sabuwa shiga. Yaron da ya sha yau ya koma ruwa gobe, zai sake kamuwa. Kuma ba za ka ce wa ɗan masunci kada ya taɓa ruwa ba. Shi ya sa dole a riƙa maimaita rabon, a kuma haɗa da rijiyar burtsatse da masai, don wanki da wanka su bar bakin tafki, fitsari kuma ya daina shiga cikinsa.

Me ya sa taimako ba ya isa?

Amsar tana hayin ruwa. Da yamma Sarkin Ruwa ya nuna mini tsaunukan da ke can ƙetare ya ce, "Can ba a zuwa yanzu." Kun dai ji labarin 'yan bindiga a wannan yanki. A watan Afrilun 2021 gwamnan jihar Neja na lokacin, Abubakar Sani Bello, ya faɗa da bakinsa cewa 'yan Boko Haram sun kafa tuta a Kaure, cikin ƙaramar hukumar Shiroro. Dubban mutane sun bar gidajensu sun fake a Gwada da Kuta da Zumba. Inda malamin makaranta ya gudu, makaranta ta rufe, ta ina maganin da ake rabawa a makaranta zai kai ga yaro?

Rashin tsaron ya kuma tura mutane kan ruwa, don ga wasu ƙauyuka jirgi ya fi hanyar mota aminci. Ranar kasuwa sai a loda mutane da buhuna da babura da awaki a jirgi ɗaya. Ku tuna kututturan nan da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa. A daminar 2025 wani jirgi da ya ɗauko 'yan kasuwa zuwa Zumba ya kife, aka rasa rayuka. Hukumar raya yankunan da ke samar da wutar lantarki daga ruwa, HYPPADEC, mai hedikwata a Minna, ta sha raba rigunan kariya daga nutsewa a garuruwan bakin ruwa, amma buƙatar tana da yawa. A jirgin da ya dawo da mu, na ƙirga mutum fiye da talatin, riga shida. Wata mai tsohon ciki tana zaune kusa da ni, za ta awo. Na tambaye ta in naƙuda ta zo da dare fa? Ta ce, "Sai abin da Allah ya yi."

Daren da na kwana a can, na fito tsakar gida bayan isha'i. Can nesa ana hango hasken fitilun madatsa. A ƙauyen kuwa tocila ce da 'yar fitilar sola, da jan garwashin murhun banda.

Abin da ya shafe ki, uwargida

Na farko, ki kwantar da hankalinki, cin kifi ba ya sa tsargiya. Shiga ruwan ne ke sa ta. Don haka idan yara sun je hutu ƙauye, ko makaranta ta kai su yawon buɗe ido bakin dam ko rafi, a hana su wanka a ruwan da ke kwance. Haka kududdufan bayan gari da yaranmu ke iyo a ciki da damina.

Na biyu, duk yaron da kika ga jini a fitsarinsa, naki ne, ko almajirin da ke miki aike, ko 'yar aikin da aka kawo miki daga ƙauye, a kai shi a gwada fitsarin. Kada a saya masa kafso. Jini a fitsari yana da wasu dalilan ban da tsargiya, gwaji ne zai raba gardama. In an tabbatar, a auna nauyi kafin a ba da magani, kuma a sha bayan an ci abinci, don yana iya kawo jiri da tashin zuciya na ɗan lokaci. In an zo rabon maganin a makarantar yaranki, ki bari su sha, ki dai tabbatar sun karya kumallo.

Na uku, ke ma idan kin taɓa zama a bakin ruwa, kuma kina fama da "sanyin" da ya ƙi jin magani, ki faɗa wa likita wannan tarihin. Wata jimla ɗaya tana iya canza maganin da za a rubuta miki.

Na huɗu, wajen sayen banda. A ƙauyen da na je, barkono da maimaita hayaƙi suke kare kifinsu da shi daga ƙwari. Amma tsakanin bakin ruwa da kasuwar birni hannuwa da yawa ne, kuma akwai marasa tsoron Allah da ke fesa fiya-fiya ko Sniper a kan busasshen kifi don ya daɗe. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan haka. Ki shinshina kafin ki saya. In kin ji wari irin na maganin ƙwari, ki bar shi komai arharsa, don wanki da ruwan zafi da gishiri yana fitar da datti amma ba shi da tabbas a kan guba. Ki riƙe mai kifi ɗaya da kika sani, wadda ta san wanda ya kamo. In kuwa bayan cin abinci aka ga mutum yana dalalar da yawu, da amai, da zawo, da gumi, da wahalar numfashi, a garzaya asibiti nan take a faɗi abin da ya ci. Kada a tsaya ba shi manja ko madara.

Na biyar, ga ƙungiyoyinmu na mata, da na Islamiyya, da masu neman inda za su kai sadakarsu. Rigar kariya guda goma a hannun Sarkin Ruwa, ko gudummawar haƙa rijiya a ƙauye ɗaya, sadaka ce mai gudana da ba ta fi ƙarfin ƙungiya ba. Masu wakilai daga wannan yanki kuma su tambaye su, yaushe rabon da maganin tsargiya ya ƙetara ruwa?

Yaron nan da aka kawo mini yana aji biyar yanzu, ya yi ƙiba, gwaggonsa ta ce ba ya barci a aji kamar da. Hutu na zuwa zai koma gida, kuma na san ranar da ya isa zai faɗa ruwa tare da abokansa. Na ce mata in ya dawo ta sake kawo shi a gwada. Abin da zan iya ke nan daga bayan kanta. Sauran sai mun haɗa hannu, don mutanen da ke ba mu wuta da kifi ba su cancanci a ce fitsarin jinin 'ya'yansu ba wani abu ba ne.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kawo zaman lafiya a Shiroro da ƙasa baki ɗaya, amin.